Kada Ka Ba da Rumfa Kafin 'Yan Dako Su Ji

Ɗana, na ji ka zo gida Tambuwal makon jiya, ka koma Sakkwato ba mu haɗu ba, ina can Kebbe wajen ta'aziyya. Mahaifiyarka ta ba ni takardar da ka bari. Ka ce ɗan kanel ɗin, wato zuciyar babbar manhajar kwamfuta, da kake rubutawa na aikin makaranta yana tafiya lafiya lau, sai jefi-jefi ya faɗi ba dalili, kuma bai taɓa yin haka ba sai da ka kunna masa kai na biyu na furosesa. Na yi murmushi da na zo nan, don ciwon ya taɓa kama ni. Ruwa ba ya tsami banza.

Bari mu shiga kasuwa, ka fi gane ni a can. Sarkin kasuwa yana da littafi: rumfa kaza ta wane ce, rumfa kaza ta wane ce. Amma ɗan dakon da aka ɗora wa buhun shinkafa a kai ba ya zuwa duba littafi. Ya haddace. Ana cewa "kai wa Alhaji" sai ƙafarsa ta ɗauke shi. To, a ce yau an karɓi rumfar an ba mai albasa, an gyara littafi tsaf, amma ba a gaya wa 'yan dako ba. Shinkafar Alhaji za ta sauka a rumfar wani, kuma in ka buɗe littafin ba za ka ga kuskure ko ɗaya ba. Abin da ke hana ka barci ke nan.

Adireshin da manhaja ke gani ba shi ne ainihin wurin da kayanta suke a ma'ajiya ba. Kanel ne ke riƙe da littafin fassara, shafi-shafi, kowane shafi yawanci bayit 4096. Dabarar ta girme ni a aiki, tun kwamfutar Atlas ta Jami'ar Mancesta a Ingila, a 1962. A furosesar Intel ko AMD mai bit 64, neman adireshi ɗaya a littafin hawa huɗu ne, wani lokaci biyar. Wa zai yi wannan zirga-zirga a kowane motsi? Shi ya sa kowane kai yake da ɗan allonsa na hadda, wanda ake ce wa TLB. Kai takwas, 'yan dako takwas, kowa da abin da ya riƙe a ka. Ita ma Tecno da ke aljihunka haka take, tunda Android a kan kanel ɗin Linux yake zaune, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991.

Nan ne nake so ka natsu. In za ka karɓi shafi daga wata manhaja, ka fara da share shi a littafi. Sannan ka sa kowane kai da zai yiwu ya haddace shi ya goge haddarsa. Sannan ka tsaya. Wannan tsayuwar ita ce yara ba sa so, ni ma ban so ta ba da ina kamarka. Aika yaro ya sanar da 'yan dako bai isa ba, sai ya dawo ya ce kowa ya amsa "na ji". Kafin nan rumfar ba taka ba ce balle ka ba wani. A Intel, umarnin INVLPG kan da ya furta shi kaɗai yake wankewa. Sauran sai ka katse musu aiki da saƙo, ka jira amsar kowannensu. A ARM mai bit 64 umarnin TLBI yana iya yin shela ga kowa a lokaci guda, kamar sanƙira, amma ko a can sai ka bi shi da DSB, wato ka dakata har shelar ta gama isa. Ina kyautata zaton a takardarka, inda ka ce kana mayar da shafin cikin jerin waɗanda babu mai su "nan take", can ɓarnar take.

Kada kuma ka zarce ka riƙa tara kasuwa duka saboda rumfa ɗaya. Kowace katsewa tana cin lokaci. Linux yana riƙe da lissafin kawunan da suka yi wa kowace manhaja aiki, su yake kira, kuma yakan tara shafuka da yawa ya yi kira ɗaya.

Akwai wani ɓangare da ba ka kai ba tukuna, amma yana gabanka. Kowace manhaja tana da nata babban littafin, sai dai rabin sama na kanel ne, dole ya zama iri ɗaya a wurin kowa. In kanel ya buɗe sabon babi a can, sai an kwafa wa duk littattafan. Shekara da shekaru Linux yana bari sai wani ya yi tuntuɓe sannan a gyara masa nasa. A 2020, a fitowa ta 5.8, aka sake shiri don a daidaita tun lokacin da aka yi canjin, domin akwai lungunan da kanel ba ya jure tuntuɓe a cikinsu. Ka ga manya ma sun sha komawa kan wannan magana, don haka kada ka raina kanka.

Abu ɗaya dai nake ji maka tsoro: ka gwada sau goma, ka ga bai faɗi ba, ka ce ya warke. Irin wannan cuta labewa take yi. Ramin da aka sa wa suna Dirty COW, wanda ba na TLB ba ne kai tsaye amma danginsa ne, tsere ne tsakanin masu taɓa shafi ɗaya. Ya kwana a cikin Linux kimanin shekara tara kafin a toshe shi a Oktoban 2016, alhali idanu dubbai suna karanta rubutun. Ni kuwa na taɓa yin mako uku a wani ofis ina zargin wutar lantarki, har muka sayi sabon batiri, ashe layi biyu na rubuta a juye.

Ka rufe kwamfutar tukuna, ka ɗauki biro da takarda. Duk inda ka taɓa littafin shafuka, ka rubuta a gefensa: wa ya haddace wannan, yaushe na gaya masa, ina na jira amsarsa? Inda ka rasa amsar tambaya ta uku, ka ja layi a ƙarƙashi.

In ka zo hutun Sallah ka taho da takardar da kwamfutar, mu zauna a zaure bayan la'asar mu bi ta tare. Ka kuma riƙa cin abinci, mahaifiyarka ta ce ka rame.