Mai son buɗe kasuwar intanet, wa zai tsaya wa mai saye?

Aikina shi ne haɗa masu kaya da masu saye ta intanet, kuma matasan da ke zuwa wurina neman shawara kusan tambayarsu ɗaya ce: nawa za a gina mini manhaja irin ta Jumia? Ni kuma sai in mayar musu da tawa. Idan mace a Maiduguri ta tura kuɗi ga mai atamfa a Kantin Kwari wanda ba ta taɓa gani ba, kaya suka ƙi zuwa, ko aka aiko mata da wata kala daban, wa zai tsaya mata? Wanda bai tanadi amsar wannan ba, kuɗinsa zai salwanta komai kyan manhajarsa.

Aikin da kake shirin yi, dillali ya daɗe yana yin sa a Dawanau. Ya san mai kaya, ya san mai saye, ya zura hannu a buhu ya ga hatsin da idonsa, kuma in rigima ta tashi shi ake nema. Don haka ake ba shi la'ada ba tare da ƙorafi ba.

A ƙasar Sin, lokacin da aka buɗe Taobao a 2003, eBay ne ke riƙe da kasuwar. Taobao ya bar 'yan kasuwa su baje kayansu kyauta, ya ba su hanyar yin magana da mai saye a yi tayi a daidaita, sannan ya kawo Alipay: kuɗi su zauna a hannun na uku har mai saye ya ce kaya sun iso lafiya. A ƙarshen 2006 eBay ya janye shafinsa daga ƙasar. A nan gida, Jumia da Konga da suka fara a Legas a 2012 sun jawo mutane ne da tsarin sai kaya sun zo ka biya. Tsarin ya kwantar wa mai saye da hankali, amma duk kayan da aka ƙi karɓa a bakin ƙofa, kuɗin kai su da dawo da su asara ce. Jiji kuwa, wanda ya sayi harkokin OLX a Najeriya a 2019, haɗa mai kaya da mai saye kawai yake yi, su gana su ƙarasa cinikinsu. Kowanne ya zaɓi nauyin da zai iya ɗauka, kai ma sai ka zaɓi naka tun kafin ka kira mai rubuta manhaja.

A wurinmu ba ma karɓar mai kaya sai mun taka zuwa shagonsa, ko gidanta, domin mata masu sayar da turaren wuta da abaya da kayan kicin daga ɗakunansu suna cikin waɗanda suka fi riƙe alkawari. Mu muke ɗaukar hoton kayan, ba mu yarda da wanda aka kwaso daga shafin wani ba. Ba a sakin kaya don an ga saƙon banki a waya, sai kuɗi sun bayyana a asusu, saboda masu alat na bogi sun durƙusar da ƙananan 'yan kasuwa da yawa, kuma abin yana ci mini rai. Kuɗin mai saye kuma amana ne, kada su taɓa haɗuwa da na cefanenka. Bi da su ta kamfanin da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi.

Fara da kaya iri ɗaya a gari ɗaya. Masu kaya ashirin na kirki sun fi dubu da ba sa ɗaga waya, kuma su ake fara tarawa, don mai saye in ya leƙo ya tarar da wuri fayau ba ya dawowa. Ka tuna da yawan abokan cinikinka sun fi sakewa da saƙon murya da Hausa fiye da cike fom da Turanci. Ka san direbobin tasha da sunansu, domin har yanzu su ne ke kai yawancin saƙo daga Kano zuwa Gusau ko Maraɗi.

Akwai abin da zai ba ka haushi: bayan cinikin farko, mai kaya da mai saye za su karɓi lambar juna su koma WhatsApp su bar ka. Ɓoye lamba ba ya hana wannan. Za su zauna ne kawai idan riƙe kuɗi da kai kaya da sasanta rigima da kake yi sun fi musu la'adar da kake cira daraja.

Sai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sai kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Lambobin waya da adireshin matan aure da ke hannunka, ba ka da izinin miƙa su ga kowa sai mai kai kayan.