Yadda ake kwance robar ruwa ta koma sabuwa

Mai dama kunun zaƙi a Dungu ta riga ta san rabin wannan ilimi. Idan ta zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi a kunu mai ɗumi ta rufe, kafin gari ya waye kaurin ya saki, zaƙi ya fito. Wani sinadari ne a cikin tsiron, masana na ce masa enzayim, yake tsintsinka dogayen sarƙoƙin sitaci zuwa sukari, shi kuwa ba ya ƙarewa a aikin. Duk abin da ke ingiza haɗi haka ba tare da an cinye shi ba, katalis ne.

Robar da take ɗura kunun a ciki ma sarƙa ce, sunanta PET. A 2012 masu bincike a Osaka ta Japan suka gano wani enzayim a takin ganye wanda ke iya gutsurar ta, amma a hankali. Kamfanin Carbios na Faransa ya gyara masa zubi, a 2020 ya nuna yana kwance kashi 90 cikin ɗari na robar a sa'o'i 10.

Aikin yana farawa da tsince. A duba gindin roba, wadda ke da lamba 1 cikin alama mai kusurwa uku ita ake so. A cire marfi da takarda, a wanke, a daddatsa.

Mataki na gaba shi ne wanda ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Sarƙoƙin robar ruwa a shirye suke tsaf kamar saƙar tabarma, enzayim ba ya samun wurin sa baki. Don haka sai a narkar da ita, a sanyaya da sauri kafin sarƙoƙin su sake jeruwa, sannan a niƙe ta lukui. Nan wuta da kuɗi suke tafiya.

Garin sai a zuba shi a tanki da ruwa da enzayim, zafi wajen digiri 70, ana juyawa. Kamar kunu dai: ya yi sanyi aiki ya tsaya, ya tafasa sinadarin ya mutu. Yayin da sarƙa ke katsewa ruwan yana tsami, sai a riƙa ɗiga soda don daidaita shi.

A tace, launi da datti su fita. Abu biyu ke saura, farin gari mai suna asid terefitalik da wani ruwa mai yauƙi, etilin gilaikol. Su ne tubalan asali. A sake haɗa su a zafi wajen digiri 280 da wani katalis ɗin, galibi antimoni, a sami roba garau da za a zuba wa ruwan sha. Narkarwa kawai kuwa, irin ta masu yin bokiti da silifa, kowane zagaye tana rage wa roba ƙarfi.

Leda kam ba ta jin wannan magani, sarƙarta kabon ne zalla, babu gaɓar da ruwa zai shiga. Nijar ta haramta ta tun 2014, ga ta nan har yau a maƙale jikin ƙayoyi a hanyar Matamai, da cikin tumbin awaki.