Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Hana Sabon Tsari Ɗorewa a Wurin Aiki?

Wani mai sauraronmu daga Ajingi yana tambaya: me ya sa sabon tsari a ma'aikata yakan rushe da zarar an canza shugaba?

To malam, dubi masarautar Gaya. A 2019 gwamnatin Ganduje ta ɗaga darajarta. A Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar da ta ɗaga darajar, sannan a Yuli ta dawo da masarautar a daraja ta biyu, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Haka ma a ofis: tsarin da ya dogara da ikon mutum ɗaya, tare da shi yake tafiya. Mafita ita ce shawara da ma'aikata. Za ka ce shawara tana jawo jinkiri. Gaskiya ne, amma ma'aikatan da aka tuntuɓa tun farko su ne za su kare sauyin bayan shugaba ya sauka.