Tantance Shekarun Tsofaffin Kwalabe na Gaɓar Kogi: Misali Daga Kwalaben Jin na Kwara da Binuwai

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hanyoyin da ake bi wajen gane tsohuwar kwalba da ƙiyasta lokacin da aka yi ta, musamman irin kwalaben da ruwa kan tono a gaɓar koguna. An ɗauki kwalaben barasar jin da aka riƙa shigowa da su ta Kogin Kwara a ƙarni na 19 a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa tabon da aikin ƙira ya bari a jikin kwalba ya fi launinta zama hujja, kuma shekarar da aka yi kwalba daban take da shekarar da aka yar da ita.

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubutu mai yawa a kan tukwane da ƙwarya da kayan ƙira da na dukanci, domin su ne kayan da Bahaushe ya yi da hannunsa. Kwalba kuwa baƙuwa ce, saboda haka ba a cika kula ta ba, alhali ta daɗe da zama 'yar gida: a cikinta ake zuba man gyaɗa da man shanu da zuma da turare da tawada da kananzir, har ma ta zama ma'auni a kasuwa, inda ake cewa kwalba guda ko rabin kwalba. Ga mai binciken tarihi tana da wata daraja da tukunyar ƙasa ba ta da ita. Fasalin tukunya kan ɗauki ƙarni bai sauya ba, amma dabarun yin kwalba sun sauya sau da dama tsakanin 1820 da 1920, kuma kowace dabara ta bar shaidarta a jikin gilashi. Wanda ya iya karanta waɗannan shaidu zai iya sanya kwalba a cikin tazarar shekara ashirin zuwa talatin.

2.0 Yadda Kwalaben Suka Iso Bakin Kogi

Bayan da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi Kwara har teku a 1830, sai jiragen 'yan kasuwar Ingila suka fara hawowa. A 1854 William Baikie ya shiga Binuwai da jirgin Pleiad, daga baya ya zauna a Lakwaja, mahaɗar kogunan biyu. Kamfanin Royal Niger ya sami izinin mulki da ciniki a 1886, ya riƙe tashoshi a bakin ruwa har zuwa ranar 1 ga Janairu, 1900, lokacin da Lugga ya karɓi ragamar Arewa a Lakwaja.

Cikin hajar da ta fi yawa a wannan ciniki akwai jin mai araha daga Holan da Jamus, musamman garuruwan Schiedam da Rotterdam da Hamburg. Ana zuba shi a kwalba mai kusurwa huɗu, a jera goma sha biyu cikin akwatin katako. A Kudancin Nijeriya akwatin jin har kuɗi ya zama, ana saye da sayarwa da shi, yana wucewa daga hannu zuwa hannu ba a buɗe ba. Arewa kuwa wani hukunci aka yi mata. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta ba da damar hana shigar da barasa yankunan da ba su saba da ita ba, gwamnatin Lugga kuma ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai. Ayodeji Olukoju ya yi nazari a kan fasa-ƙwaurin da wannan hani ya haifar a kan iyakar Kudu da Arewa. Ke nan kwalbar jin da aka tsinta a gaɓar Binuwai ko sama da Lakwaja tana iya zama shaida a kan abin da takardun hukuma ba su ƙirga ba. Kafin a ɗora mata wannan nauyi, dole a fara sanin shekarunta.

3.0 Karanta Jikin Kwalba

3.1 Gindi

Da gindi ake farawa. A tsohuwar dabara, mai hura gilashi kan ɗebo narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe ya hura shi. Idan jiki ya kammala, sai ya manna wata sandar ƙarfe a gindin kwalbar, ya ɓalle bututun, domin ya sami damar gyara baki. Da ya gama sai ya ɓalle sandar, ta bar tabo mai kaushi, wani lokaci har yana yankan yatsa. A wannan maƙala an kira shi tabon cibiya. Daga wajen 1850 zuwa 1870 masana'antu suka koma amfani da wani maƙamshi da ke riƙe kwalba ba tare da manna komai ba, tabon ya ɓace. Don haka kwalbar kasuwa mai tabon cibiya galibi ta riga 1870.

Akwai wani tabo da sabon mai nazari kan ɗauka cibiya ce. Injin da Michael Owens ya yi wa rajista a Amurka a 1903 yana zuƙo gilashi cikin mazubi, wuƙa ta yanke shi, sai ya bar wani siririn da'ira a gindi, sau da yawa a karkace, gefensa kamar gashin tsuntsu. Bambancin shi ne tabon cibiya yana da tudu da kaifi, na inji kuwa shafaffe ne, kuma faɗinsa kan kusan cinye gindin. Wanda ya rikita su ya yi kuskuren shekara hamsin ko fiye.

3.2 Layin Mazubi da Baki

Kwalbar da aka hura ba tare da mazubi ba ba ta da layi ko kaɗan, kuma da wuya ta tsaya daidai. Tsofaffin kwalaben jin a mazubi mai kama da akwati buɗaɗɗen sama ake hura su, shi ya sa kafaɗarsu ta fi gindi faɗi, don a ji sauƙin zaro su. A irin wannan jiki ba a ganin layi, illa ɗan sauyin laushi a kafaɗa, inda gilashi ya fita daga mazubi. A 1821 Henry Ricketts na Bristol ya yi rajistar mazubi mai ɓangare uku, wanda ke barin layi kewaye da kafaɗa da wasu biyu da suka hau wuya. Akwai kuma dabarar juya kwalba a cikin mazubi tun tana da zafi, wadda ta yi tashe daga wajen 1880 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ita kan goge layin, ta bar zobba sirara a kwance. Rashin layi shi kaɗai bai isa a ce kwalba ta tsufa ƙwarai ba.

Baki shi ne wurin da ya fi ba da labari. Idan dabam aka ɗebo gilashi aka naɗa a kan wuya, za a ga ɗan tsiyaye a ƙarƙashin leɓe, kuma idan aka zura yatsa ciki za a ji mahaɗar. Daga baya, a wajen shekarun 1880, aka koma murza bakin daga gilashin wuyan kansa da wani abin matsewa, wanda kan shafe layin mazubi ya bar zane a kwance. Idan kuwa layi ya taso daga gindi, ya bi jiki, ya haye leɓe har saman baki, to inji ne ya yi kwalbar, kuma ta ƙarni na 20 ce.

Masu tara kwalabe sun daɗe da wata ƙa'ida, wai gwargwadon tsawon layi gwargwadon sabuntar kwalba. Masu bincike na baya-bayan nan sun yi watsi da ita, domin inda layi ya tsaya a wuya ya danganta ne da yadda ma'aikaci ya murza baki a wannan rana. Abin dogaro kawai shi ne ko layin ya haye leɓe ko bai haye ba.

3.3 Rubutu da Marfi

Wasu kwalaben jin suna ɗauke da hatimi, wato ɗigon gilashi da aka manna a kafaɗa aka danna masa tambari. Na A. van Hoboken na Rotterdam yana da haruffan AVH a sarƙe, na J. H. Henkes kuma an san shi da hoton shamuwa. Dmitri van den Bersselaar, a littafinsa The King of Drinks na 2007, ya nuna yadda masu saye a Afirka ta Yamma suka riƙa gane jin da irin waɗannan hotuna, abin da ya sa wasu kamfanoni suka riƙa kwaikwayon tambarin wasu. Saboda haka tambari na nuna kasuwar da aka nufa, amma ba kullum yake tabbatar da masana'anta ba.

Kayan Ingila sun fi sauƙi. Daga 1842 zuwa 1883 alamar rajistar fasali mai siffar lu'ulu'u ce, daga 1884 aka koma lamba. Marfi ma yana taimakawa: kwalbar lemo mai ƙwallon gilashi a wuya, ta Hiram Codd, ba ta riga 1872 ba, marfin kwano mai haƙora irin na lemon yau kuma William Painter ne ya yi masa rajista a 1892. Duk waɗannan suna faɗin shekarar da kwalba ba za ta riga ba. Ba sa faɗin shekarar da aka daina yin irinta, don har yau ana yin kwalbar Codd a Indiya da Japan.

3.4 Launi

Launi ne ke fara jan ido, kuma shi ne mafi raunin hujja. Kore mai duhu da ake ce wa baƙin gilashi sinadarin ƙarfe da ke cikin yashi ne ke kawo shi, kuma an yi ta yin sa fiye da shekara ɗari biyu. Launi ɗaya ne ke da ɗan amfani. Daga wajen 1880 zuwa 1920 ana sa sinadarin manganis don gilashi ya fito garau, kuma idan irin wannan gilashi ya daɗe a rana sai ya rine zuwa shunayya. Wanda ya kwana cikin laka bai ga rana ba yana nan fari, don haka rashin shunayya ba ya kore komai.

4.0 Abin da Kogi ke Yi wa Hujja

A tudun tsohon gari ƙasa a jere take, na ƙasa ya riga na sama. Kogi ba ya bin wannan tsari. Kowace damina yakan zaizaye gaɓa, ya kwashe, ya zube a wani wuri. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun mamaye sassan Lakwaja, aikin yashe Kwara daga Baro zuwa Warri da aka ƙaddamar a 2009 ya tono ƙasan kogin ya jibge a gefe, madatsar Kainji kuma ta sauya yadda ruwa ke hawa da sauka tun 1968. Kwalbar 1880 da ta jiya suna iya kwanciya kafaɗa da kafaɗa a kan yashi ɗaya.

Ruwa kan sauya fuskar gilashi ma. Yashi yakan goge shi ya dusashe, danshi kuma yakan ci samansa ya bar ɓawo mai walƙiya kamar bakan gizo. Masu sayar da kayan tarihi suna son wannan ɓawo, suna kafa shi hujjar tsufa. Gaskiyar ita ce saurin fitowarsa ya danganta da sinadaran gilashin da irin ƙasar da ya kwanta a ciki. Amfanin gogewar yashi ɗaya ne: kwalbar da kusurwoyinta suka lallashe ta yi tafiya, wadda ke da kaifinta cikin laka mai yiwuwa ba ta yi nisa da inda aka jefa ta ba.

5.0 Tazara Tsakanin Yi da Yarwa

A nan ne ma'aunan da aka gina a Amurka da Kanada ke iya ɓatar da mai bincike a Nijeriya. Littattafai irin su ƙamus ɗin gilashi na Olive Jones da Catherine Sullivan, na 1985, an tsara su ne bisa kayan da aka tono a can. Masana'antun Turai sun sayi haƙƙin injin Owens a 1907, amma a hankali suka shigo da shi, ana ci gaba da hura kwalabe da baki shekaru bayan haka. Baƙin da aka naɗa da hannu, wanda a kwalbar Amurka zai nuna kafin 1890, a kwalbar Holan yana iya kaiwa farkon ƙarni na 20.

Sai kuma rayuwar kwalba bayan ta iso. A inda babu masana'antar kwalba, kwalba dukiya ce, ba a yar da ita sai ta fashe. Har yau masu sayen tsofaffin kwalabe suna bin unguwanni. Kwalbar da aka shanye jin ɗinta a Onitsha tana iya hawowa Arewa babu komai a ciki, ko da manja, ta shekara talatin a ɗakin wata tsohuwa da man shanu. Ko fasasshiyar ma tana da kasuwa: S. F. Nadel, a littafinsa A Black Byzantium na 1942, ya bayyana yadda Masaga na Bida ke narka kwalaben Turai su yi ƙarau da duwatsun ado. Wannan na nufin ƙarancin kwalabe a ƙasar Nupe ba ya nuna ba su iso ba, yawansu a wata tashar Arewa kuma ba ya nuna an sha abin da ke ciki a can.

A ɗauka mai nazari ya tsinci kwalba mai kusurwa huɗu a gaɓar Binuwai, kore mai duhu, ba tabon cibiya, an naɗa bakin da hannu, sunan kamfani a zube a jikinta. Abin da zai iya rubutawa shi ne an yi ta a Turai, tsakanin wajen 1870 da 1920, domin bayan Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 an hana irin wannan barasa ta ciniki, ko da yake jin mai inganci ya ci gaba da shigowa. Idan yana son ya ce shaidar fasa-ƙwauri ce, sai ya sami wasu da dama irinta wuri guda, cikin ƙasar da ruwa bai motsa ba, tare da abin da ke nuna a cike suka zo, kamar toshiya a baki ko ragowar akwati. Kafin ya ɗaga ta, ya ɗauki hotonta a inda take, ya rubuta wurin da nisanta daga ruwa da abin da ke kusa da ita, kada kuma ya kankare ɓawon. Haƙa ƙasa don neman ƙari yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa. Tambayar dattawan garin sunan da suke kiran irin wannan kwalba, da abin da suka ga iyayensu suna zubawa a ciki, wannan kuwa aikin ɗalibin Hausa ne, kuma ba ya buƙatar izinin kowa sai na masu garin.