Darasin Fasaha: Yadda Muka Gano Ciwon Hannun Gem Mara Waya

Darasinmu na wannan mako a kan hannun gem ne, wanda wasu ke ce wa fad. Kada malamai su ce mun kawo wasa jikin bango. Abin da muka koya a kansa zai yi amfani a kan rediyo, tocila, waya da duk wani abu mai aiki da batir.

Abin da ya faru

Mu biyar ne 'yan aji biyu. Yayan ɗaya daga cikinmu yana da tsohuwar PlayStation 2, wadda kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da ita a shekarar 2000. Yana barin mu mu buga ƙwallo ranar Asabar, amma hannu ɗaya ne da ita, mai waya. Sai muka riƙa tara kuɗin tara har muka ba shi ya sayo mana na biyu a kasuwar Yawuri. Ba na Sony ba ne, kwafi ne mara waya, mai ɗan akwati da ake sokawa a jikin gem ɗin.

Ya yi aiki lafiya har lokacin jarrabawa. Muka ajiye shi a gidan ɗaya daga cikinmu. Da aka yi hutu muka ɗauko, ya ƙi kamawa. Muka sa sabon batir, shiru. Nan take muka ce wanda ya ajiye shi ne ya yar da shi ƙasa, kuma dole ya biya. Ya rantse bai yar ba. Kwana uku ba ma magana da shi.

Da muka kai ƙara wurin malaminmu na fasaha, sai ya tambaye mu: "Idan injin jirgin ruwa ya mutu a tsakiyar Tafkin Kainji, me direba ke fara dubawa?" Muka ce mai. Ya ce, "Daga nan fa?" Muka ce fulogi. Ya ce to babu direban da ke fara kwance inji, kuma babu wanda ke fara zagin yaron jirgi. Ya ba mu doka biyu: a fara da abu mai sauƙi, kuma a canja abu ɗaya tak a kowane gwaji.

Yadda hannun ke aiki

Hannu mara waya kashi uku ne: batir mai ba shi wuta, hannun kansa mai maɓallai, da risiba, wato ɗan akwatin nan da ke jikin gem. Idan ka danna maɓalli, hannun yana aika saƙo ta iska kamar yadda gidan rediyo ke yi, risiba ta karɓa ta miƙa wa gem. Yawancinsu suna aiki a kan zangon gigahaz 2.4, wanda Wi-Fi da Bluetooth ma ke amfani da shi. Ke nan idan abu ya ƙi, ciwon yana ɗaya daga cikin wurare huɗu: gem, risiba, batir ko hannu. Aikinmu shi ne mu wanke su ɗaya bayan ɗaya.

Gwaji na 1: Gem ɗin lafiya yake?

Mun cire risiba, muka soka tsohon hannu mai waya a ramin da take. Ya yi aiki. Ke nan gem da raminsa ba su da laifi. Wannan gwaji bai ci mana ko kwabo ba.

Gwaji na 2: Risiba tana samun wuta?

Mun mayar da ita, fitilarta ta riƙa ƙiftawa. Muka kai ta rami na biyu, haka dai. Malam ya ce a irin namu ƙiftawa na nufin tana neman hannu ba ta same shi ba, idan suka haɗu sai fitilar ta tsaya cak. Ke nan tana da rai.

Gwaji na 3: Batir

Hannunmu yana cin ƙananan batura irin na rimot, masu rubutun AAA. Kowane sabo yana ba da bolt 1.5. Mun kai sabbin da muka saya wurin mai gyaran waya ya auna da mitarsa, ya ce lafiyarsu lau. Mun duba ko mun juya su, wato alamar + da alamar − suna inda aka zana. Daidai suke. Amma fitilar hannun ko motsi ba ta yi ba.

Gwaji na 4: Gidan batir

A nan muka kama ɓarawon. Da muka haska tocila cikin gidan batir, sai muka ga wani farin gari da tsatsa sun rufe ɗan sifirin da ke taɓa gindin batir. Malam ya yi bayani cewa idan batir ya ƙare aka bar shi a ciki, yakan yi yoyo, ruwansa ya ci ƙarfe. Tsatsa kuwa ba ta barin wuta ta wuce yadda ya kamata. Ga kuma danshin damina, wanda mu mazauna bakin ruwa muka san yadda yake cin ƙarfe.

Muka kankare wurin a hankali da 'yar sanfefa, muka goge da auduga da ɗan sifirit, muka bari ya bushe. Da muka mayar da batir, fitilar hannu ta kama, ta risiba ta tsaya cak.

Sai muka tambayi kanmu: wa ya bar tsofaffin batura a ciki, maɓallin kunnawa kuma yana kan ON? Mu duka ne, ranar wasanmu na ƙarshe. Abokinmu bai yar da komai ba. Muka je har gida muka ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa. Gaskiyar Hausawa da suka ce zato zunubi.

Gwaji na 5: Kowane maɓalli

Kamawa daban, aiki daban. Mun shiga wurin atisaye na gem ɗin ƙwallo, mutum ɗaya yana dannawa, ɗaya yana rubutawa. Mun bi su ɗaya-ɗaya: mai alamar X, mai da'ira, mai alwatika, mai murabba'i, L1, L2, R1, R2, Start da Select, sannan sandunan analog biyu. Da farko sandunan sun ƙi. Ashe akwai maɓalli a tsakiya mai rubutun ANALOG, a wasu kuma MODE. Sai an danna shi jar fitila ta kama sannan su yi aiki. Sau da yawa abin da ake kira lalacewa rashin sani ne kawai.

Wasu cututtuka da maganinsu

1. Ɗan wasa yana gudu shi kaɗai ba a taɓa komai ba: yawanci ƙura ce ta shiga ƙarƙashin sandar analog, musamman da hunturu, ko kuma cikinta ya side. A cire batir, a goge gindin sandar da auduga mai ɗan sifirit ana jujjuya ta. A kuma lura kada a riƙe sandar a lokacin da ake kunna hannu, domin wasu suna ɗaukar inda take a lokacin a matsayin tsakiya.

2. Maɓalli sai an danna da ƙarfi: a ƙarƙashinsa akwai roba mai baƙin ɗigo wanda ke haɗa wuta. Datti da maiƙo ne ke rufe shi. A wanke hannu bayan cin ƙosai ko soyayyen kifi kafin a taɓa.

3. Yana yankewa a tsakiyar wasa: a fara zargin batir. Rawar da hannu ke yi idan an ci ƙwallo tana shan wuta sosai. Bayan batir sai a duba nisa. A matso kusa, a kau da ƙarfe ko mutum daga tsakanin hannu da risiba, a nisantar da wayar da aka kunna wa Wi-Fi.

4. Mai caji ya ƙi haɗuwa ta kebul: wasu kebul na caji ne kawai, ba sa ɗaukar saƙo. A gwada wani kafin a yanke hukunci.

5. Mai Bluetooth ya ƙi haɗuwa da waya: a goge sunansa daga jerin wayar a sake haɗawa. A hannun PlayStation 4, wadda ta fito a 2013, ana danne Share da PS tare har fitila ta fara ƙiftawa da sauri. Yawancin kwafinsa ma haka ne. Nisan Bluetooth irin wannan bai cika wuce mita 10 ba.

Gargaɗi

Kada a sa ruwa, fetur ko kananzir. Kada a haɗa tsohon batir da sabo. Kada a taɓa garin yoyon batir sannan a kai hannu ido ko baki. Batirin caji da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, a kai wa mai gyara. Kada ɗalibi ya buɗe gem ko talabijin, domin wutar ciki tana kisa.

Kafin ka saya

Araha ba ta ado, amma ba kowa ke da kuɗin na asali ba. Don haka a gwada kowane maɓalli a gaban mai shago, a leƙa gidan batir, a tabbata risibar tasa ce, a kuma yi magana a kan canji tun kafin a biya. Daga Wara zuwa Yawuri kuɗin mota ne, ba a son zuwa biyu.

Aikin gida ga mai karatu

Nemi tocila ko rediyon da aka jefar a gidanku. Rubuta wuraren da ciwon zai iya kasancewa, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka kawo wa kulob sakamakon. Za mu liƙa wanda ya fi tsari a wannan bango.

Mu dai yanzu duk ranar da muka gama wasa sai mun cire batir, kuma gem sai Asabar, bayan an gama aikin gida. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.