Ramin Tiko, cibiyar wata

Darasinmu na yau bisa sama shi ke.

Daren 14 ga wata, bayan magariba, ku fuskanci gabas ku dubi wata sa'ad da shi ke fitowa cikakke. Kowa ya san baƙi-baƙin da ke jikinshi. Ku bar su, ku kai ido wajen hannun dama, wato kudancin wata. Mai kaifin ido zai ga wani wuri da ya fi sauran haske. In akwai mai madubin hangen nesa a garinku, ko ƙarami ne, ku aro. Za ku ga farin ɗigo, da fararen zane da sunka fito daga gare shi ta ko'ina. Wata zai yi kama da kabewa, ɗigon kuwa kamar wurin da anka tsinke ta daga yaɗo. Ɗigon nan rami ne. Sunanshi Tiko.

Girman ramin

Tsakaninmu da wata akwai wajen kilomita dubu 384. Nisan nan ne ya sa ramin ya zama ɗigo ga idonmu. Amma daga baki zuwa baki, faɗinshi kilomita 85 ne. Mai tafiya a ƙasa sai ya yi kwana biyu ko ukku kafin shi ƙetare shi. Zurfinshi ya fi kilomita 4 da rabi. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar shina cikin duwatsun Bagzam na Abzin, tsawonshi ya ɗara mita 2000 kaɗan in an auna daga bakin teku. To, ko an aza irinshi biyu, ɗaya bisa ɗaya, cikin ramin Tiko, ba za su leƙo waje ba.

Bangon ramin bai sauka miƙe kamar na rijiya ba. Hawa-hawa ne, kamar matakala, domin ƙasar gefe ta zabtare ta gangara ciki. A tsakiyar ramin kuma akwai tsauni mai tsini wanda ya fi kilomita ɗaya da rabi tsawo. A shekara ta 2011 wani kumbon Amurka mai kewaya wata ya ɗauki hoton tsaunin nan. An ga wani ƙaton dutse mai faɗin mita 120 zaune bisa kanshi.

Fararen zanen nan su ne abin mamaki. Waɗansu sun kai kilomita 1500. Nisan nan ya fi na hanyar mota daga Yamai zuwa Diffa.

Mi ya gina shi?

Masana sun daɗe suna gardama. Waɗansu sun ce ramukan wata bakin duwatsu ne masu aman wuta. Waɗansu sun ce jifa ne daga sama. A 1893 wani masanin duwatsu na Amurka mai suna Gilbert ya tsaya kan maganar jifa, amma ba a yarda da shi nan da nan ba. Sai da anka aika kumbo, kuma mutane sunka taka wata da ƙafarsu daga 1969 sunka ɗebo duwatsu, sannan gardama ta ƙare. Jifa ne.

Ga yadda abin shi ke. Cikin sarari akwai duwatsu manya da ƙanana masu kewaya rana. Gudunsu ya wuce misali: cikin daƙiƙa guda dutse na iya cin kilomita 15 ko 20. In irin wannan ya daki wata, ba ya tsayawa kamar dutsen da yaro ya jefa cikin rairayi. Fashewa shi ke yi. Zafin karon shina narkar da dutse, ƙarfinshi shina watsar da ƙasa. Shi ya sa rami kan fi abin da ya gina shi faɗi sau goma ko fiye.

Kuna iya gwada wannan a tsakar gida. Ku cika babban kwano da farar toka. Ku yayyafa jar ƙasa kaɗan a bisa, ta rufe tokar. Wani shi miƙe tsaye shi jefa tsakuwa da ƙarfi. Za ku ga rami mai tudun baki, kuma farar toka ta fantsamo bisa jar ƙasa, ziri-ziri. Haka zanen Tiko sunka samu: sabuwar ƙasa ce ta ciki wadda ta fallatsa bisa tsohuwa.

Tsaunin tsakiya fa? Ku lura da ɗigon ruwa in ya faɗa cikin randa. Ruwan kan loɓa, sannan tsakiyar ta yi tsalle ta taso. Lokacin karon, dutsen wata ya yi laushi kamar ruwa na ɗan lokaci. Tsakiya ta taso, ta sandare a nan. Kewaye da bakin ramin kuma akwai zobe mai duhu-duhu da a ke gani da madubi. Narkakken dutse ne da ya zuba ya daskare.

Ramin Tiko yaro ne

Wata ba shi da iska, ba shi da damina, ba shi da kwazazzabo. Abin da anka gina bisa kanshi shina daɗewa. Duk da haka farar ƙasa takan dushe sannu-sannu, saboda hasken rana da ƴan ƙananan tsakuwoyi da ke faɗa mata kullum. Tsofaffin ramuka duk zanensu ya ɓace. Na Tiko shina nan fes. Daga nan masana sunka gane sabo ne.

Sabo a lissafin wata ke nan. Shekarunshi wajen miliyan 108. Wata kuwa ya fi shekara miliyan dubu 4. In an ɗauki wata kamar mutum mai shekara 40, to ramin Tiko tabon bara ne.

Ba a ɗebo dutse daga cikin ramin kanshi ba tukuna. A watan Janairu na 1968 wani kumbo maras mutum, Surveyor 7, ya sauka arewa da bakin ramin, ya aiko da hotuna, ya gwada ƙasar wurin. Lissafin shekarun daga wani wuri ya fito. A watan Disamba na 1972 mutanen Apolo 17 sun sauka wani kwari mai nisan fiye da kilomita 2000 daga Tiko. Sun tarar da wata zabtarewar ƙasa daga jikin tsauni. Masana suna ganin tarkacen da Tiko ya watso ne ya jawo ta. Sun auna tsawon zamanin da ƙasar nan ta yi a fili, sunka sami wannan adadi.

Akwai wata shaida kuma. In wata ya yi zazzaɓi, wato inuwar duniya ta rufe shi, jikinshi kan huce da sauri. Amma na'urar awon zafi takan nuna Tiko da sauran ɗumi. Dalili, wurin cike shi ke da manyan duwatsu da ba su riga sun marmashe ba. Kowa ya san bayan faɗuwar rana rairayi kan riga falalen dutse hucewa.

Wani zai tambaya: duniyarmu fa, ba a jifanta? Ana yi. Iskar da ta lulluɓe mu ita ke ƙone ƙananan duwatsu, su ne mu ke gani da dare mu ce tauraro ya faɗi. Manya kuwa sun taɓa isowa ƙasa. Kusa da Kumasi, a Gana, akwai tafkin Bosumtwi. Ramin jifa ne mai faɗin kilomita 10 da ƴan kai, shekarunshi wajen miliyan ɗaya, ruwa ya cika shi. Irin babban jifan da ya gina Tiko sai a yi miliyoyin shekaru ba a ga ɗaya ba.

Rami ɗaya, suna huɗu

Kafin a ƙera madubin hangen nesa ba wanda ya san ramukan wata ɗaya-ɗaya. Galile, mutumin Italiya, ya duba wata da madubi a 1609, ya ga tsaunuka da ramuka. Daga nan masana sunka shiga zana taswirar wata. Mai taswira kuwa dole shi raɗa suna. Nan ne kowa ya yi son ranshi.

Gasandi, masani ɗan Faransa, ya kira ramin nan Cibiyar Wata. Mu dai a ganinmu wannan suna ya fi sauran dacewa, domin duk wanda ya duba zai ga cibiya.

A 1645 Langiren, mai yi wa Sarkin Sifen aiki, ya fid da taswirarshi. Ya cika ta da sunayen sarakuna da manyan fada, kamar maroƙi mai neman tukuici. Ramin nan ya ba Sarkin Folan, Baladislas na 4. A 1647 Hebeliyus, attajiri mai duban taurari a birnin Danzig, ya ɗauko sunayen duwatsu da tekunan duniya ya liƙa wa wata. Shi kuma ya ce ramin nan Dutsen Sina'i ne, dutsen nan na labarin Annabi Musa.

Na huɗu shi ne Riccoli, wani fada na Katolika mai koyarwa a birnin Bolonya ta Italiya. A 1651 ya buga babban littafi kan ilimin taurari, tare da taswirar da abokin aikinshi Girimaldi ya zana. Baƙi-baƙin wata ya bar su da sunan teku, ko da shi ke babu ruwa cikinsu, ya ce ga Tekun Ruwan Sama, ga Tekun Gizagizai, ga Tekun Natsuwa. Ramuka kuwa ya raɗa musu sunayen masana. Ramin nan mai haske ya ba Tiko Barahe.

Wane ne Tiko Barahe?

Ɗan babban gida ne na ƙasar Danmak. An haife shi a 1546, ya rasu a birnin Firag a 1601, wato bai taɓa duban wata da madubi ba. Da ido ya yi aikinshi, da manyan kayan awo na ƙarfe da katako. Sarkin Danmak ya ba shi tsibiri guda a 1576. Ya yi shekara 20 a can shina auna matsayin taurari dare bayan dare, shina rubutawa. A zamaninshi ba wanda ya kai shi daidaiton awo. Mutum ne mai zafin kai. Shina saurayi ya yi faɗan takobi da wani danginshi, anka sare mishi karan hanci. Daga nan har mutuwarshi hancin ƙarfe shi ke liƙawa. An daɗe ana cewa na zinariya da azurfa ne. Da anka buɗe kabarinshi a 2010, bincike ya nuna tagulla ce.

Mi ya sa Riccoli ya fifita shi? Zamanin nan ana rikici kan maganar Kofarnik, wanda ya ce duniya ce ke kewaya rana. Hukumar cocin Katolika ta hana wannan koyarwa, har ta hukunta Galile a 1633. Tiko shi ya ce duniya tsaye ta ke, rana ke kewaya ta. Riccoli ya karkata wajen Tiko. Ramin Kofarnik kuwa ya sa shi cikin Tekun Hadari. Amma ku lura, ramin da ya ba shi babba ne, mai kyan gani, faɗinshi kilomita 93. Kofarnik ne ke da gaskiya. Abin dariya ma, da awon Tiko ne mataimakinshi Kefla ya gano yadda duniya da ƴan'uwanta ke kewaya rana.

An yi fiye da shekara ɗari waɗansu na bin sunayen Hebeliyus, waɗansu na Riccoli. Na Riccoli sunka rinjaya. Masana sun fi son ganin sunan masani da na sarki, wataƙila kowa na fatan nashi rabon. Daga baya sababbin taswirori sunka kawo ruɗani, rami ɗaya suna biyu ko ukku. Wata mace ƴar Ingila, Mary Blagg, ta zauna ta tattara su ta daidaita. A 1935 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta tabbatar da jerin sunayen, Tiko na ciki. Ita ke da ikon raɗin suna har yau, kuma ba ta sa wa babban rami sunan mai rai. Gasandi da Langiren da Hebeliyus ba su tashi a banza ba, kowanensu shina da raminshi. Riccoli da Girimaldi su ma sun ɗebar wa kansu.

Riccoli bai manta da masanan ƙasashen Musulmi ba, domin littattafansu ne Turai ta karanta. Arewa da Tiko, wajen tsakiyar wata, akwai ramin Albattani na ƙasar Sham da na Azzarƙali na Andalus, sai dai an juya sunayen da harshen Latin. A 1976 kuma ƙungiyar nan ta ba wani ƙaramin rami na gabashin wata, mai faɗin kilomita 11 ko 12, sunan Ibn Baɗuɗa. Shi ne matafiyin nan na Maroko wanda ya sauka Takadda, yamma da Agadas, a 1353, ya ga aikin jan ƙarfe, ya rubuta cewa ana kai shi har Gobir.