Jinyar Macen da Aka Yi wa Ɗinki a Gaba

Akwai ciwon da mace kan ɓoye har ga uwar da ta haife ta, kuma ciwon gaba yana cikinsu. Amma mu a wannan aji manya ne. Yau za mu karanta yadda ake jinyar macen da likita ya yi wa aiki a gabanta, tun daga gadon asibiti har ta koma ɗakinta.

Aikin iri-iri ne. Wata ta ƙaru wurin haihuwa, ko ungozomar asibiti ta yi mata ƙari don kan jariri ya samu hanya, aka ɗinke. Wata leɓɓan gabanta ne suka yage, ko suka yi tsawo har suna damun ta wurin tafiya da zama, likita ya rage ya daidaita. Wata kuwa tata lalurar ta fi nauyi: yoyon fitsari.

Yoyon fitsari ba aikin iskoki ba ne, ba sammu ba ne. Doguwar naƙuda ce ke kawo mafi yawansa. Mace ta kwana biyu ko uku a durƙushe, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin. Naman ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube, ya bar ɓula. Daga nan fitsari ba ya tsayawa, dare da rana. Yankan gishiri da ake yi da aska a gida shi ma yana huda mafitsara. Tun 2003 dokar Nijar ta hana kaciyar mata, kuma babu ciwon da askar wanzami ke warkarwa a wannan wuri.

Ana gyara wannan ɓula. Mutumin Gazawa, ko Agye, ko Gidan Rumji ya fara da asibitin da ke kusa da shi, su za su ba da takardar turawa. A Danja, kudu da Maraɗi kan hanyar Ɗan Isa, akwai asibitin yoyon fitsari da aka buɗe a 2012. A Katsina akwai Babbar Ruga, inda Dakta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya yi wa dubban mata aiki tun shekarun 1980, har da matan Nijar. Idan yoyon ya fara a kwanakin farko bayan haihuwa, kada a jira. Wani lokaci robar fitsari kaɗai, in an sa ta da wuri, takan sa ƙaramar ɓula ta rufe ba tare da an yi aiki ba.

Kwanakin asibiti

Bayan aikin yoyo, ana barin robar fitsari a jikin mace kwana 7 zuwa 14, wani lokaci fiye, gwargwadon girman ɓular. Amfanin robar shi ne kada mafitsara ta cika ta ja ɗinkin. Mai jinya, ke inna ko yaya da kika biyo ta, idonki ya kasance a kan robar nan. Kada ta lanƙwashe. Kada mara lafiya ta kwanta a kanta. Jakar fitsarin ko bokitin ya zauna ƙasa da jikinta. In kin ga fitsari ya daina ɗiga, ki tashi ki kira ma'aikaci nan take, ko da tsakar dare ne. Robar da ta toshe na ƴan awoyi tana iya lalata aikin duka.

Sai ruwa. Macen da ta shekara tana yoyo ta saba da ƙishirwa, don ta koya wa kanta rage sha saboda kada ta jiƙa zane a gaban mutane. Yanzu dole ta sake hali. Ta sha ruwa mai tsabta da yawa, ba sai ta ji ƙishi ba, har fitsarinta ya fito fari kamar ruwan da ta sha. Ruwan ne ke wanke mafitsara, yana hana robar toshewa. In jinyar ta faɗo cikin watan azumi, ta sha ta rama daga baya. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Bayan an cire robar, ta riƙa yin fitsari a kai a kai, kada ta matse shi.

A gida

A nan ne aiki da yawa ke lalacewa. Mace ta dawo, ba ta yoyo, tana tafiya da ƙafarta, sai gida ya ɗauka ta warke. Washegari a miƙa mata taɓarya. Wanda ya gina rumbun ƙasa ya san ba a zuba masa hatsi sai ya bushe har ciki, ko da bayansa ya yi fari. Haka ɗinki yake: fata kan haɗe cikin ƴan makonni, amma naman ciki sai ya yi watanni kafin ya yi ƙarfi.

Saboda haka, mai ɗinkin yoyo ta bar daka, da jan guga a rijiya, da ɗaukar tulu ko jarka, da ɗaukar itace, da noma, har wata uku ko yadda likita ya faɗa. Doguwar tafiya a bayan kabu-kabu ko a amalanke kan hanya mai gargada ita ma ba ta dace ba a makonnin farko. Ba a ce ta kwanta kullum ba. Ta zaga tsakar gida, ta yi tsintar wake a zaune, ta yi hira da ƴan'uwa. Uwar miji da abokiyar zama, wannan nauyin naku ne. Ita ba za ta iya buɗe baki ta ce ba za ta yi daka ba. Ku za ku ce mata, "Ajiye, ƴar nan, mu za mu yi."

Wanke wurin ba ya son dabara mai yawa. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce har ya zama mai ɗumi-ɗumi, ta zuba bayan kowane fitsari da bayan gida. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa. Tsarki daga gaba zuwa baya, kada ta jawo ƙazanta zuwa kan ɗinkin. Ta dangwala da ƙyalle mai tsabta har ya bushe, ba gogewa ba. Ƙyallen ƙunzugu a canza shi sau da yawa a yini, a wanke da sabulu, a shanya shi a rana ya bushe ƙayau, ba a ƙarƙashin gado ba. Ta ɗaura zane sakwa-sakwa.

Ga abin da nake roƙon iyayenmu mata. Kada a zaunar da mai ɗinki cikin tafasasshen ruwa. Kada a fyaɗa mata ganye mai zafi a wurin lokacin wankan jego. Kada a cusa komai a ciki, ko garin bagaruwa, ko alif, ko kanwa, ko kayan matsi na kasuwa. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, kuma haka muka tarar. Amma zafin yana ƙona sabon nama, garin kuma yana shigar da ƙwayoyin cuta, sai ɗinkin ya buɗe. Zaren da likitoci suka fi amfani da shi a wurin yana narkewa da kansa cikin makonni. In ta ga guntun zare, kada ta ja.

Kumburi da zogi a kwana biyu ko uku na farko ba abin tsoro ba ne, musamman ga wadda aka yi wa aiki a leɓɓan gaba. Ta kwanta a gefe, ta ɗora ƙyallen da aka jiƙa da ruwan sanyi mai tsabta na ɗan lokaci, ta sha maganin da aka rubuta mata har ya ƙare. Maganin ƴan tebur ba nata ba ne.

Abinci kuma, a guji abin da zai sa ta yunƙuri a bayan gida, don yunƙuri na jan ɗinki. Miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama, wake, da ruwa mai yawa suna sa ciki laushi. Ƙwai, nono, kifi da ɗan nama in an samu suna gina sabon nama.

Magana da mai gida

Malam, wannan sashen naka ne. Mai ƙaramin ɗinki, na haihuwa ko na leɓɓan gaba, tana bukatar aƙalla mako 6 kafin ku sadu, wato arba'in da ɗan ɗori, kuma sai in ciwon ya tafi. Mai ɗinkin yoyo tana bukatar wata 3 zuwa 6, yadda likitanta ya yanke. Dare ɗaya na rashin haƙuri yana iya mayar da ita inda ta fito, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuyar kamawa. In zama ɗaki ɗaya zai yi wuya, ka bar ta ta yi jinyar a gidan iyayenta, ka riƙa kai mata cefane kana gaishe ta.

A mayar da ita asibiti a ranar, ba gobe ba, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zazzaɓi, wari ko ruwa mai mugunya daga wurin, jini mai zuba da yawa, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ɗinkin da ya buɗe, fitsarin da ya ƙi fita, ko yoyon da ya dawo. Wata kuma ɓular ta rufe, amma fitsari na kuɓuce mata in ta yi tari ko dariya. Wannan ma a gaya wa likita, akwai motsa jikin da ake koyarwa don ƙarfafa wurin.

Wadda aka yi wa aikin yoyo tana iya sake haihuwa, amma ba da gaggawa ba. Ku je tare ku karɓi maganin hutun haihuwa, ta huta kamar shekara guda. In ciki ya samu, ta fara awo da wuri, ta nuna takardar aikinta. Haihuwarta ta gaba a asibitin da ake fiɗa za a yi ta, ba a ɗaka ba, don naƙuda na iya yaga tsohon ɗinkin. Tun 2005 gwamnatin Nijar ta yanke cewa fiɗar haihuwa kyauta ce a asibitocinta. Abin da ya rage muku shi ne kuɗin mota da guzuri, sai a fara tarawa tun cikin yana ƙarami. In wata na tara ya kama, ta koma kusa da asibitin Agye, ko Gidan Rumji, ko Maraɗi, ta jira a can.

Aikin aji: kowa ya rubuta a littafinsa sunan asibitin da ya fi kusa da garinsu, da lambar wayar majo, wato shugaban ma'aikatan asibitin, da ta mai motar da za a iya tasa da dare.